Baba Ya Ce A Kai Shi Gida

A karanta 2 Sama'ila 19:31-39 da 2 Sarakuna 20:1-7.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a PZ da sassafe yana jiran motar Samaru ya san irin matafiyar da mu ke nufi. Mace ce da kwanon abinci ɗaure cikin ƙyalle, da filas na ruwan zafi, da tabarma naɗe a hammata. Ba kasuwa za ta ba. Za ta wuce Kwangila, ta wuce Samaru, ta sauka a Shika inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya ke, gama tana da majinyaci a can. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda sun yi irin wannan tafiya, wasu zuwa Shika, wasu zuwa Wusasa, wasu har Kaduna. Yawancinmu mun komo da namu a raye, godiya ga Allah. Amma akwai ranar da likita ya kan ja babban ɗa gefe, ya sassauta murya, ya ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. A kan abin da ke bin bayan wannan magana mu ke so mu yi nazari a wannan wata.

Akwai wani dattijo a ekklesiyarmu ta Sabon Gari, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haura shekara 70. Ciwon daji ya kama shi, kafin a gane har ya shiga ƙashi. Aka kwantar da shi a wani asibiti, aka yi abin da za a iya. Likita ya faɗa wa 'ya'yansa gaskiya. Su kuwa suka yi shawara kada a gaya wa tsoho kome, wai kada zuciyarsa ta karaya. Kowa ya shigo ɗakin sai ya ce, "Sannu Baba, ai sauƙi ya samu." Ran nan muka je gaishe shi. Ya aiki 'yarsa sayen lemo, da ta fita ya kama hannunmu ya ce, "Fasto, yaran nan suna tsammani ban sani ba. Jiki magayi ne. Na kuma ji ana maganar sayar da gidan. Ka gaya masu su kai ni gida."

Da muka isar da saƙon, babban ɗansa ya yi fushi ƙwarai. Ya ce, "Fasto, in muka ɗauke shi daga nan, ai mu muka kashe shi. Me zan ce wa Allah? Me zan ce wa mutane?" Wannan saurayi ba mugu ba ne. Ƙaunar ubansa ce ta sa shi magana, tambayarsa kuma ta cancanci amsa daga Maganar Allah.

Bari mu fara da abin da ba shi da gardama a cikinmu. A ƙasashen Turawa akwai wani abu da su ke kira yutanasiya. Kalmar Helenanci ce, ma'anarta kyakkyawar mutuwa, mu kuwa sai mu ce kisan tausayi. Watau likita ya yi wa majinyaci allura da nufin ya mutu, domin majinyacin ya roƙa. Ƙasar Holan da ta Beljiyam sun halatta wannan a shekara ta 2002, Kanada ta bi su a 2016. A 2014 Beljiyam ta cire iyakar shekaru, har yaro ma yana iya roƙo bisa waɗansu sharuɗɗa. A Nijeriya kuwa, Kudu da Arewa, doka ta ɗauki wannan laifi ne, ko da majinyacin ne ya nema da bakinsa. Littafi Mai Tsarki ya riga doka. Ku tuna da Saul a kan dutsen Gilbowa. An ji masa mummunan rauni, ya roƙi mai ɗaukar makamansa ya ƙarasa shi, yaron ya ji tsoro ya ƙi. Daga baya wani Ba'amaleke ya zo wurin Dawuda yana cewa shi ne ya ƙarasa sarki domin sarki ya roƙe shi. Yana sa zuciya ga tukwici, amma hukuncin kisa ya samu (2 Sama'ila 1). Roƙon Saul bai wanke hannun mutumin ba. Rai na Allah ne, amana ce a hannunmu, doka ta shida kuma ba ta keɓe marar lafiya ba.

Kada mu yi tsammani wannan roƙo na Turawa ne kaɗai. Wata 'yar'uwa mai aikin jinya ta gaya mana, da dare wata tsohuwa ta riƙe mata zane ta ce, "'Yata, ba ki da allurar da za ki yi mini in huta gaba ɗaya?" Annabi Iliya ma ya yi irin wannan roƙo a ƙarƙashin itace cikin jeji (1 Sarakuna 19). Allah bai ɗauki ransa ba, bai kuwa tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko da abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi. Wanda ya ce a kashe shi, sau da yawa abin da ya ke nufi shi ne, zafi ya yi yawa, ko an bar shi shi kaɗai, ko yana ganin ya zama kaya. Waɗannan duka suna da magani.

To, amma dattijonmu bai roƙi allura ba. Gida ya roƙa. Shin abu ɗaya ne?

A nan ya kamata mu saurari 'yan'uwanmu na Katolika. Akwai abubuwan da muka sha bamban da su, kowa ya sani, ba ma ɓoyewa. Amma sun daɗe suna riƙe da asibitoci ko'ina cikin duniya, kamar na St. Gerard a Kakuri, Kaduna, sun kuwa zauna sun yi tunani mai zurfi a kan wannan magana tun kafin yawancinmu mu fara. A watan Nuwamba na 1957, sa'ad da na'urar numfashi ta ke sabuwa, likitoci suka tambayi Paparoma Pius na 12 ko wajibi ne a ci gaba da hura wa mutum iska bayan an fid da zuciya. Amsarsa, a taƙaice, ita ce: wajibi ne mutum ya nemi magani irin wanda ke da amfani, wanda kuma ba ya ɗora nauyin da ya fi ƙarfinsa ko ƙarfin iyalinsa, bisa ga zamani da wurin da ya ke. Abin da ya wuce wannan an yarda ya nema in yana so, amma barinsa ba zunubi ba ne. A 1980 suka fitar da wata takarda daga Roma da ta ƙarfafa wannan, suka sake nanatawa a 1995 da 2020. Kullum abu biyu su ke riƙewa tare: kisan tausayi haram ne, amma nacewa a kan maganin da ba ya warkarwa, sai dai ya tsawaita wahala, ba dole ba ne. Sun kuma ce abinci da ruwa da wanka da tsabta ba a janye su, muddin jiki yana iya karɓa yana amfana.

An gwada wannan koyarwa a Amurka. A 1975 wata budurwa mai shekara 21, Karen Ann Quinlan, ta faɗi ta suma ba ta farfaɗo ba. Iyayenta 'yan Katolika ne. Bayan watanni suka nemi a cire na'urar numfashi, firist ɗinsu ya goyi bayansu, maganar ta kai babbar kotun jihar New Jersey, a 1976 aka ba su gaskiya. Da aka cire na'urar, sai ga yarinya tana numfashi da kanta. Iyayen suka ci gaba da ciyar da ita suna ziyartarta har ta rasu a 1985. Da nufinsu kisa ne, da ba su yi jinyar shekara tara ba. Haka kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2. An kwantar da shi a asibiti sau biyu a farkon 2005. Da ciwo ya yi tsanani a ƙarshen Maris bai koma ba, ya zauna a ɗakinsa likitoci suna kula da shi, ya rasu ran 2 ga Afrilu yana da shekara 84. Mutumin da ya fi kowa yaƙi da kisan tausayi a zamaninsa ke nan.

Bambancin yana cikin abin da ya kashe mutum, da kuma nufin zuciya. Wanda aka yi wa allurar mutuwa, allura ce ta kashe shi, mai allurar kuwa abin da ya nufa ke nan. Wanda aka daina yi masa aikin da ba ya ƙara masa kome, ciwonsa ne ya ɗauke shi a lokacin da Allah ya sa. In ya ƙara wata shida a duniya, masu jinyarsa murna za su yi.

Mun zaɓi labarin Barzillai domin wannan. Attajiri ne na Gileyad, shi ya ciyar da Dawuda sa'ad da ya ke gudun Absalom. Da sarki zai koma Urushalima ya ce wa tsohon ya zo ya zauna a fada, a kula da shi. Barzillai yana da shekara 80. Ya ƙi. Ya ce harshensa ya daina jin daɗin abinci, kunnensa ya daina jin mawaƙa, a bar shi ya koma garinsa ya mutu kusa da kabarin uwa da uba. Ku lura da abin da Dawuda ya yi. Sarki ne, yana da ikon tilasta shi don alherinsa. Bai yi ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya sallame shi. Ba a rubuta ko'ina cewa Barzillai ya rasa bangaskiya ba, har a kan gadon mutuwarsa Dawuda ya yi wa Sulemanu wasiyya a kan 'ya'yan wannan mutum.

Dokar ƙasarmu ma ta san wannan. A 1991 wata mace ta ƙungiyar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini bayan haihuwa, ta sa hannu a takarda, ta rasu a wani asibiti a Inugu. Hukumar ladabtar da likitoci ta hukunta likitanta, Dokta Okonkwo. Amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankalinsa yana da ikon ƙin magani, likita ba shi da ikon tilasta masa. Mu dai ba mu yarda da koyarwar mutanen nan a kan jini ba. A ganinmu matar nan ta ƙi magani mai amfani wanda zai iya ceton ranta, wannan kuwa ba irin na Barzillai ba ne. Abin da doka ta bari da abin da ya gamshi Allah ba kullum su ke tafiya tare ba. A kan yara ƙanana kuma, kotun nan ta yanke a 2019 cewa iyaye ba su da ikon hana a ceci ran yaro saboda addininsu. Duk da haka hukuncin 2001 ya kafa abu guda: mai jiki shi ne na fari da za a tambaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da cewa a bayyana wa majinyaci halin da ya ke ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da ikonsa na ƙi, cikin harshen da ya ke ji. An bar wa likita dama ya jinkirta in akwai dalili mai ƙarfi cewa faɗin zai cuce shi.

A nan ne al'adarmu ta ke da laifi, mu fastoci ma muna ciki. Mu kan yi taron dangi a ƙofar ɗaki, kawu ya yi magana, wa ya yi magana, wanda ya aiko da kuɗi daga Abuja ya yi magana ta waya, mai ciwon kuwa yana kwance ba wanda ya tambaye shi. In mace ce, sai a ce mijinta ya isa. Shawarar dangi abu ne mai kyau, Turawa da yawa suna mutuwa cikin kaɗaici don rashinta. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sa'ad da Hezekiya ya kwanta, Allah bai aiki Ishaya wurin fadawa ba. Ya aike shi wurin sarkin kansa ya gaya masa ya shirya gidansa gama zai mutu. Domin ya ji gaskiya ne ya juya ga bango ya yi kuka da addu'a, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15, aka kuma sa masa curin ɓaure a kan marurun, watau addu'a da magani tare. Da an ce masa sauƙi ya samu, da yaushe zai yi wannan addu'a? Wanda muka ɓoye wa gaskiya mun ƙwace masa kwanakin da zai nemi gafarar ɗan'uwansa, ya faɗi bashin da ke kansa, ya raba abin da ya mallaka kada a yi rigima a bayansa, ya sa wa jikoki albarka kamar yadda Yakubu ya yi. Ba muna cewa a faɗa masa da gatse ba. A zauna, a tambaye shi me ya fahimta, me ya ke so ya sani, a bi shi a hankali.

Akwai kuma masu wa'azin da ke shiga ɗakunan asibiti suna cewa duk wanda ya yarda zai mutu ba shi da bangaskiya. Waɗansu har su kan ce a zubar da magani. Muna roƙon warkarwa, mun kuma ga Allah ya warkar. Amma Li'azaru da aka tashe shi ya sake mutuwa. Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin zama da tafiya wurin Kristi, tafiyar kuma ita ce mafi kyau a gare shi. Mai bi da ya ce ya shirya, kada a ɗora masa laifi a kan ciwonsa.

Yanzu ga wata magana mai nauyi, kada mu tsallake ta. A ƙasarmu yawancin masu jinya daga aljihunsu su ke biyan kome, allura, ƙarin ruwa, wankin ƙoda, gashin daji. Don haka "a kai shi gida" iri biyu ne. Akwai na Barzillai, wanda magani ya ƙare masa. Akwai kuma na matalauci wanda maganinsa yana nan a kanti, kuɗi ne babu. Mun san wata gwauruwa da aka sa hannu aka fitar da ita da ciwon da a ke warkarwa, aka ce ita ta zaɓa. Ba ta zaɓa ba. Ta dubi kuɗin makarantar 'ya'yanta ne ta yi shiru. Mun binne ta, a makon nan kuma muka yi taron tara kuɗin fentin majami'a. Wannan abin kunya ne a kanmu, ba a kan kowa ba. Koyarwar da ta ce nauyin da ya fi ƙarfi ba wajibi ba ne gaskiya ce, amma nauyin da ya fi ƙarfin gwauruwa ɗaya bai fi ƙarfin ekklesiya mai mutum 300 ba. Kafin mu ce amin ga wanda ya ce a bar shi, sai dattawa su je wurin likita su tambaya a fili: in an sami kuɗin, zai warke, ko zai sami kwanaki masu amfani? In amsar i ce, aikinmu tara kuɗi ne. Haka kuma tsohon da ya ce ba ya so ya zama kaya, kada mu yi saurin yarda. Wataƙila fuskokinmu ya karanta.

Mun yi wa likitan dattijonmu wannan tambaya a gaban 'ya'yansa. Ya ce ko an sayar da gida uku ciwon ba zai koma baya ba, abin da ya rage shi ne a kashe masa zafi.

Kashe zafi kuwa aiki ne na likita sosai. Wata Baturiya mai bi, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St. Christopher a Landan a 1967. Ita ta koya wa duniya a riƙa ba da maganin zafi a kan lokaci, kafin zafin ya dawo, maimakon a jira sai mutum ya yi ihu. Wata kuma, Dokta Anne Merriman, wadda ta yi aikin mishan a Nijeriya, ta kafa irin wannan aiki a Uganda a 1993, da ruwan mofin mai araha da a ke sha a gida. Waɗansu masu bi suna tsoron mofin, wai yana gaggauta mutuwa ko yana sa maye. In likita ne ya auna shi daidai da zafin, ba kisa ba ne. Tun a Fabrairun 1957 Pius na 12 ya ce halal ne a ba mai mutuwa maganin zafi ko da akwai tsoron ya rage kwanaki, muddin sauƙi a ke nema ba mutuwa ba. Littafin Misalai 31:6 ma ya san da ba mai halaka abin da zai rage masa azaba. Gaskiya ne Ubangijinmu ya ƙi ruwan inabi gauraye da mur a Golgota, amma shi yana shan ƙoƙon da ba wanda zai sha sai shi. Ba doka ya kafa wa masu ciwon daji ba. Wanda ya ga dama ya rage magani domin hankalinsa ya zauna ya yi sallama da iyalinsa, wannan ma nasa ne ya zaɓa.

Muka koma ɗakin tare da 'ya'yan duka da uwarsu. Babban ɗan ya durƙusa a bakin gado ya faɗa wa ubansa abin da likita ya ce, da kyar maganar ta fita. Tsohon ya dafa kansa ya ce, "Na sani tun tuni. Gidan nan na uwarku ne, kada a taɓa shi." Washegari aka sallame shi da magungunansa da takardar lokacin shan kowanne.

Ya yi kwana 19 a gida. Zumuntar Mata suka raba kwanaki, biyu da rana, ɗaya da dare, domin matarsa ta sami barci. 'Yar'uwar nan mai aikin jinya ta kan biyo bayan ta tashi aiki, ta koya masu yadda a ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Sau ɗaya maganin zafi ya ƙare, aka sha yawo kafin a samu, daren nan ya yi wuya ƙwarai, ba za mu ɓoye ba. Ya aika aka kira wani maƙwabcinsa Musulmi da suka yi shekara shida ba sa gaisawa saboda maganar iyakar fili, suka rufe ƙofa su biyu, da suka buɗe kowa idonsa ja. Ran Lahadi ta biyu muka kai masa Jibin Ubangiji. Gurasar ba ta haɗiyu ba, sai muka jiƙa 'yar kaɗan muka sa masa a harshe.

Babban ɗan ya ɗauki hutu ya zauna. Har yanzu in mun haɗu ya kan ce wani lokaci yana tambayar kansa ko da sun ƙara mako ɗaya a asibiti, mu kuwa ba mu hana shi tambaya ba. A kwanakin ƙarshe, da tsohon ya daina karɓar kunu, shi ne ya ke zaune a gefen gado da kofi da ƙaramin cokali, yana ɗiga masa ruwa a leɓe. Yana cikin haka ne da asubahin wata Talata, jirgin ƙasa bai ko yi kuka ba tukuna, ya kira uwarsa ya ce ta zo.